Ƙasar da ruwa ke kwashewa a Daura tana kashe murjani a teku?

Tambaya: Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare a Daura. A darasin zaizayar ƙasa na gaya wa ɗalibai abin da na karanta, cewa lakar da ruwan sama ke wankewa daga gonaki tana kashe murjani a teku. Sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, to Malam, ƙasar da ruwa ya cinye a gonar babanta bara, ita ma can ta je ta yi ɓarna? Na ce zan bincika. Ta yaya laka za ta kashe abin da yake dutse? Kuma shin da hannunmu a ciki, mu da sai an yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 a mota kafin a ga teku?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara basira, ita kuma ɗalibar Allah ya yi mata albarka. Abin da ka karanta gaskiya ne, laka tana kashe murjani, kuma an auna hakan a wurare da dama. Amma ƙasar gonar babanta ba ta kashe murjanin kowa ba. Tana nan kusa, a fadamar da ke ƙasan gonar, ko a cikin ƙorama, ko a gindin wata madatsa. Ka faɗa wa ɗalibai duka biyun, domin na sha jin masu wayar da kai suna haɗe su wuri guda don magana ta yi armashi, kuma yaro mai kaifin tunani yana gane inda aka yi ƙari.

Da farko, murjani ba dutse ba ne, dabba ce. Kowace ɗaya 'yar ƙarama ce, mai taushi, mai baki guda da 'yan hannuwa kewaye da shi. Tana tsotsar sinadarin kalsiyam daga ruwan teku ta gina wa kanta ƙoƙo na farar ƙasa ta zauna a ciki. Dubbai suna manne da juna, na baya suna gini a kan gidajen na farko, kamar dai yadda gara ke tayar da suri, har tudu ya tashi a ƙarƙashin ruwa. Abin da ke da rai a duk tudun nan shi ne 'yar fatar da ke sama, wadda kaurinta bai wuce 'yan milimita ba. Ginin ba ya sauri: masu dunƙulallen jiki suna ƙaruwa da kamar santimita 1 a shekara, masu rassa kan kai santimita 10. Jan murjanin da iyayenmu mata ke sawa a wuya wani dangi ne daban, daga Bahar Rum aka fi samo shi, yana rayuwa a wurare masu duhu kuma ba ya gina tudu. Wanda ake magana a kai shi ne na ruwa mai ɗumi marar zurfi. Alhazan da suka zaga tsohon garin Jidda sun ga gawarsa ba su sani ba, don da tubalinsa aka gina tsofaffin gidajen can, haka ma na Suwakin a Sudan, inda mahajjatan ƙasar Hausa na da suke tsallaka Bahar Maliya.

A cikin naman wannan dabba akwai wata gansakuka da ido ba ya gani. Gansakukar tana haɗa abinci da hasken rana kamar kowane tsiro, ta ba murjanin mafi yawan abin da yake ci, wani lokaci har kashi 90 cikin 100. Ita ce kuma ke ba shi launi. Saboda haka dabba ce da ba ta rayuwa sai da rana, ga shi ba ta iya tashi daga inda take. Duk sauran bayanin daga nan yake fitowa. Shi ya sa Bahar Maliya ke cike da murjani: babu wani kogi mai gudu duk shekara da ke zuba a cikinta, ruwanta garau yake.

Kafin bayanin ɓarnar, ga abin da za ka yi a aji. Bayan ruwan farko mai ƙarfi, a ɗebo ruwan ƙorama a gorar roba mai haske, a girgiza, a ajiye a kan tebur. Kafin minti guda yashi ya kwanta. Bayan 'yan awoyi lallausar ƙasa ta biyo. Amma ruwan zai ci gaba da zama ja-ja har gobe, wani lokaci har jibi, saboda yumɓu ya ƙi sauka. Abin da ke faruwa a kogi ke nan. Yashi nauyi gare shi, a hanya yake zubewa ko a bakin kogi. Yumɓun nan da ya ƙi kwanciya shi ne ke tafiyar kilomitoci a cikin teku, shi ne kuma ke ɗauke da taki da maganin feshi a manne a jikinsa. Idan ana cewa laka na kashe murjani, shi ake nufi.

Ɓarnarsa ta farko ita ce tare haske. Ruwa ya gurɓace, rana ba ta kai wa gansakuka, abinci ya ragu, murjani ya rame, gini ya tsaya. Wanda ke can ƙasa-ƙasa shi ke fara mutuwa, sai ka ga a wurin da ake samun murjani har zurfin mita 20 ko 30 ya koma 'yan mitocin sama kawai. Kuma abin ba ya ƙarewa ranar da ambaliya ta wuce. Lakar takan kwanta a ƙasan teku, duk sanda iska ta kaɗa igiyar ruwa ta sake tayar da ita, haka nan wata da watanni.

Sannan akwai wadda ke sauka a jikinsa. Murjani yana da dabarar share kansa: yana fitar da yauƙi ya naɗe ƙurar, 'yan gashin jikinsa su tura ta gefe, wasu har kumbura suke yi don ta zame. Sai dai yauƙin nan da ƙarfin jiki ake yin sa, a daidai lokacin da abinci ya yi ƙaranci. Wani tsohon ma'auni da masana suka daɗe suna aiki da shi ya ce in lakar da ke sauka ta wuce miligiram 10 a kan kowace murabba'in santimita a rana, kuma abin ya ɗore, to an shiga matsala. Ni dai ban cika dogara da wannan adadi shi kaɗai ba, domin irin lakar ya fi yawanta muhimmanci. Tsabtataccen yashi na iya rufe murjani kwanaki ya fita da ransa. Amma lallausar laka mai haɗe da ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi, ko da siririya ce, ƙwayoyin cuta na cin abin da ke cikinta su shanye iskar oksijin, wurin ya yi tsami, su saki iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. An gwada an gani, cikin kwana ɗaya zuwa biyu naman da ke ƙarƙashi yake mutuwa. Abin takaici shi ne ƙasar da ta fi albarka a gona, baƙa mai taki, ita ta fi zama guba a can.

Wadda ta fi damuna ita ce ɓarnar da ba a gani, wato hana haihuwa. Murjani yana sakin ƙwai da maniyyi a ruwa, galibi dare ɗaya ko 'yan darare a shekara. 'Yan tsutsotsin da suka fito su yi ta yawo suna neman tsaftataccen dutse mai tauri da za su manne. In suka tarar da laka ta shafe dutsen, ba sa zama, wanda ya zauna kuma ƙura kaɗan ta isa ta binne shi, tunda bai fi kan allura ba. Mai ninƙaya zai zo ya ga manyan murjani tsaye lafiya lau ya ce babu komai, alhali shekara goma ba a samu sabon tashi ba. Ranar da guguwa ko zafi ya kwashe manyan, shi ke nan.

Takin zamani da ke biyo ruwa yana ƙara dagula lamarin. Murjani ya saba da ruwa marar abinci sosai, a nan yake fin ciyawar teku ƙarfi. In aka zuba nitrojin da fosfaras, ciyawar ta yi tsiro ta mamaye dutsen. Kifayen da ke kiwonta su ne masu yi mata shara, amma su ma ba sa son ciyawar da laka ta cika, ga kuma masunta suna kwashe su.

Daga ina aka san cewa noma da kiwo ne suka jawo, ba haka Allah ya yi wurin ba tun asali? Murjanin ne da kansa ya ba da shaida. Dunƙulallen murjani yana ajiye layi guda a jikinsa kowace shekara, kuma duk shekarar da kogi ya kawo laka, sinadarin bariyam da ke cikinta yakan shiga layin. A Ostareliya akwai tudun murjani mafi girma a duniya, tsawonsa kimanin kilomita 2,300 a gaɓar jihar Kwinslan, kuma kogin Badekin ne ya fi kowane kai masa laka. A 2003 Malcolm McCulloch da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon huda wani tsohon murjani da ke kan hanyar ruwan kogin, suka karanta layukansa tun daga wajen 1750. Kafin zuwan Turawa, laka jefi-jefi take isowa. Daga wajen 1870, bayan an cika yankin da tumaki da shanu an sare daji, sai ta ninka sau 5 zuwa 10, kuma ta fi yawa a ambaliyar da ta biyo bayan fari, lokacin da dabbobi suka cinye ciyawa ƙasa ta zama tsirara. Duk manomin Daura ya san wannan: ruwan farko bayan doguwar rani shi ya fi ɗibar ƙasa.

A Afirka ma an yi irin wannan aiki. Kogin Sabaki na Kenya yana zuba a teku kusa da Malindi, inda aka keɓe gandun murjani tun 1968. Wani murjani mai shekara kusan 300 da aka huda a can ya nuna laka ba ta canja sosai ba har zuwa wajen 1900, sannan ta fara hawa bayan Turawan Ingila sun karɓe tsaunukan ƙasar sun sauya yadda ake noma da kiwo, ta ci gaba da hawa yayin da jama'a ke ƙaruwa. A Madagaska kuwa, inda sare daji da manyan kwazazzabai suka yi ƙamari, kogin Betsiboka ja wur yake shiga teku, har daga sararin samaniya ana ganinsa.

Wani abu da Ostareliya ta gano ya shafe mu kai tsaye. Gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya na shekarun 1950 da 1960 sun bar wani sinadari, siziyam-137, a saman ƙasa a ko'ina cikin duniya, amma bai nutsa can ciki ba. Da aka auna lakar da ke bakin kogunan, sai aka tarar mafi yawanta ba ta ɗauke da shi. Ashe ba daga saman fili take ba, daga cikin kwazazzabai da gaɓar rafuka take ruftowa. Wato ɗan yanki kaɗan na ƙasa ne ke haifar da babban kaso na lakar, musamman inda ƙasar ƙarƙashi ke da gishiri irin na kanwa, wadda da ruwa ya taɓa ta sai ta narke. Kwazazzabon yakan fara ne daga abu ƙarami, turbar shanu zuwa mashaya, ko lambatun hanyar mota da aka sake shi a fili.

Duk da haka kada ka gaya wa yara cewa laka ce babbar mai kisan murjani a yau. Zafin teku ne. In ruwa ya ɗara mafi zafin da ya saba da digiri 1 kacal na makonni, murjani yakan kori gansakukarsa ya yi fari fat, in abin ya daɗe ya mutu da yunwa. Tudun Ostareliya ya sha wannan a 1998, 2002, 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024, har a sassan da ke nesa da kowane kogi. Cibiyar binciken teku ta ƙasar ta bayyana a 2012, tun kafin zafin 2016 da na bayansa, cewa tudun ya rasa rabin murjaninsa daga 1985, kuma ta raba asarar haka: guguwa kashi 48, wata dabba mai siffar tauraro mai ƙaya da ke cin murjani kashi 42, yin fari fat saboda zafi kashi 10. Babu laka a lissafin, amma tana bayansa. Masana da yawa suna danganta yawaitar dabbar nan mai ƙaya da takin da ke shiga teku, domin 'ya'yanta suna samun abinci su rayu da yawa. Kuma guguwa ba yau ta fara ba, murjani ya saba karyewa ya sake tashi cikin shekara 10 zuwa 15. Aikin laka shi ne ta hana shi tashin. Akwai ma wuraren da ɗan duhun ruwa ya yi wa murjani inuwa lokacin tsananin zafi ya tsira, kuma akwai nau'o'in da suka saba da ruwa mai laka. Sai dai nau'o'in kaɗan ne, kifin da ke cikinsu ma bai kai ba. Dalilin da ya sa ake dagewa a kan laka shi ne ita ce ake iya magancewa a gida, zafin teku kuwa sai duniya ta haɗu.

Yanzu mu dawo gida. Jihar Katsina a kan tudun raba ruwa take. Wani sashe na gabas ruwansa ya nufi tafkin Cadi, wanda ba ya fita zuwa teku ko kaɗan. Mafi yawa kuma yana bin kogunan Gada da Ƙaraduwa da Bunsuru zuwa kogin Rima. Gada ma sai ta ratsa Jibiya ta shiga Nijar ta Maraɗi kafin ta dawo. Daga Rima sai kogin Sakkwato, sai Neja, sai Lakwaja, sai teku. Ka lissafa abin da ke kan hanyar: madatsar Jibiya, ta Zoɓe, ta Goronyo, sannan Kainji da aka gama a 1968, da Jebba. Duk inda ruwa ya tsaya, laka ta sauka. Ga kuma fadamun Rima masu faɗi da ke shanye ambaliya. Abin da zai tsira daga wannan duka ɗan kaɗan ne, kuma ko ya isa ba zai tarar da tudun murjani ba, don babu shi a gaɓar Nijeriya. Kogunan Neja da Kwango da Bolta sun shekara dubbai suna zuba ruwan daɗi da laka, ga ruwan sanyi da ke tasowa daga ƙasan teku a wasu watanni a gaɓar Gana da Kwaddibuwa. Sai a tsibirai irin su Sawo Tome da Kef Bade ake samun murjani a warwatse. A gaɓarmu laka ma abin so ce: da ita aka gina yankin Neja Delta, a kanta itatuwan mangurof masu tsiro a ruwan gishiri ke tsaye. Matsalar can ta koma ƙarancin yashi, kamar yadda teku ya ƙara cin garin Keta na Gana bayan madatsar Akosombo ta 1965 ta tare abin da kogin Bolta ke kawowa.

Saboda haka asarar ƙasar gonar nan tamu ce. Mai gona ya rasa saman ƙasarsa da takin da ya saya. Mai lambu a fadama yashi ya binne masa shuka. Madatsa tana cikewa daga ƙasa, ruwan sha da na noman rani suna raguwa, tace ruwan famfo yana ƙara tsada. Ƙoramar da yashi ya cike kuma ba ta iya ɗaukar ruwan da ta saba, ga gidaje an gina a bakinta. Mutanen Jibiya ba su manta ambaliyar watan Yulin 2018 ba, wadda ta ci rayuka fiye da 40.

In akwai wata hanya daga yankinmu zuwa murjani, ta sama ce. Ƙurar Sahara da Sahel tana tsallaka tekun Atlantika, an ƙiyasta tan miliyan 180 da wani abu ke barin Afirka ta yamma kowace shekara. Tun 1965 ake auna ta a tsibirin Babados na yankin Karibiyan, kuma ta ƙaru sosai a shekarun farin 1970 da 1980. Wani bincike na 2010 a kan lakar ƙasan teku kusa da Muritaniya ya nuna ƙurar ta fara hawa tun ƙarni na 19, lokacin da noman sayarwa irin na gyaɗa ya bazu a Sahel. A 2000 Eugene Shinn na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ya kawo ra'ayin cewa ƙurar na ɗauke da wata fumfuna da ke sa wa wani nau'in murjani mai laushi cuta a Karibiyan. Masana ba su yi ittifaƙi a kai ba, don an samu fumfunar a wurare da dama ba tare da ƙura ba. Kuma hazon da muke sha da hunturu, wanda akasarinsa daga kwarin Bodele na arewacin Cadi yake tasowa, ya fi nufar Kudancin Amurka, ƙurar Karibiyan kuwa da bazara zuwa damina take isa. Ka kawo ra'ayin Shinn a aji a matsayin muhawara, yara su ga yadda masana ke jayayya.

Maganin da Ostareliya ke kashe maƙudan kuɗi a kai ba baƙo ba ne a wurinmu: rage dabbobi a fili kafin ciyawa ta ƙare, killace bakin rafi, toshe kan kwazazzabo da duwatsu, dasa ciyawa mai riƙe ƙasa. Mu muna da gamba da jema a kan iyakar gona, da jera duwatsu a gicciyen gangare, da ramukan rabin wata, da barin kara a gona maimakon a kwashe shi tas. Maƙwabtanku na Magarya da Matamaye, da na Maraɗi, tun shekarun 1980 suke barin kututturen gawo da kalgo da sabara su sake toho a cikin gona suna yi musu sassabe, har aka ƙiyasta fili kusan hekta miliyan 5 ya farfaɗo. In za ka fita da ɗalibai, ka kai su kan kwazazzabo mafi kusa da makaranta kafin damina, su kafa turaku biyu nesa kaɗan da bakinsa, su auna tazarar da igiya su rubuta. Bayan kaka su koma su sake aunawa, su ninka abin da ya ci da faɗinsa da zurfinsa. A kafa turakun aƙalla mita 10 daga baki, domin kan kwazazzabo ta ƙarƙashi yake rubzawa, kuma kada a bar yaro ya tsaya a gefensa bayan an yi ruwa.